Ni da Kawu da Jirgin Kyauta

Funtua garin jirgi ne, ko da yake in ka faɗa wa yaran yanzu haka dariya za su yi maka. Tun 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan, ya bi ta Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Kada wani ya ruɗe ka cewa don kakanninmu su huta da tafiyar ƙasa Turawa suka shimfiɗa shi. Auduga suka biyo, da gyaɗa. Kamfanin audugar nan na Ingila da muke kira Bisije ya kafa injin gurza a Funtua, ya kafa a Malumfashi. A gurje, a fitar da angurya, a ɗaure diloli, ta Malumfashi a kawo ta a mota tunda can babu dogo, jirgi ya kwashe duka ya yi kudu, daga bakin teku sai masaƙun Ingila. Fasinja a wannan layi ɗan rakiya ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana noma a wani ƙauye gefen Malumfashi, amma da ƙuruciya ya yi dakon diloli a tashar Funtua, kuma a can ya haddace karatun da har yau bai yarda an canza masa ko wasali ɗaya ba: jirgi da kaka yake tafiya. A cewarsa, da an buɗe fulotin auduga, akawu ya kafa sikeli, to taragai za su fara jeruwa, kukan jirgi ba dare ba rana har bazara ta kawo jiki. Da ruwa ya sauka kuma kowa ya koma gona, jirgin ma ya ja baya. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, tireloli sun ƙwace dakon, auduga ta bar wa masara da waken suya fili, duk Kawu ya gani da idonsa. Karatun dai bai motsa ba.

A watan Disamban 2023 gwamnatin tarayya ta yi shelar cewa hawa jirgin ƙasa kyauta ne saboda bukukuwan ƙarshen shekara, daga 21 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu. Kawu ya ji a rediyo, amma rabin farko kawai ya shiga kunnensa. Ya kira ni, muryarsa har rawa take.

"Ɗan boko, ka ji? Jirgi ya koma sadaka. Ga 'yar'uwarka ta haihu a Kubwa, ban je barka ba. Kai za ka raka ni."

Na ce, "Kawu, to ku shirya mu tafi cikin makon nan, abin da wa'adi."

"Wane mako? Audugata na tsaye a gona, masarata ba ta yi kuɗi ba. Bari in gama tsinka, in ga yadda kasuwar Dandume za ta kaya."

"Kawu, ranar 4 ga wata za a rufe."

"Kai yaro, ina ɗaukar dila a ka uwarka ba ta yi aure ba. Wa ya taɓa janye jirgi ana tsakiyar kaka?"

Wanda ya taɓa musu da kawunsa ya san inda maganar ta tsaya. Sai da Janairu ta yi nisa, masara ta ɗan ɗaga, sannan ya sauka a gidana da kayan jego: rabin buhun gero, kanwa, yaji cikin tsohon gwangwanin madara, ƙauri a ƙunshe cikin takardar siminti, da zakaru biyu ɗaure ƙafa da ƙafa. Jadawalin jirgi kuwa autansa ya riga ya turo mini hotonsa ta WhatsApp, tsaf da shi, sawu-sawu a jere tun safe har yamma. An yanke saman hoton, inda kwanan wata yake zama, amma autan ya rantse cewa daga wajen abokinsa mai aiki a Kaduna ya fito, sabo ful.

Na ce mu nufi tashar mota. Kawu ya ce a'a, tashar jirgi tukuna. Hujjarsa ita ce tunda gwamnati ta yi niyyar alheri, ba za ta tsallake Funtua ba, kuma mai hankali ba ya biyan kuɗin mota zuwa Kaduna alhali dogo na bayan gidansa. Haka muka ɗauki 'yan acaɓa biyu, ni da gero, shi da zakaru.

Awaki muka tarar suna kiwo tsakanin ƙarafa, da wani dattijo yana shan hantsi a kan benci. Suka gaisa da Kawu, gaisuwa ta zarce tambayar wane da wane, duk wanda aka ambata sai a ce Allah ya jiƙansa. Da Kawu ya tambayi jirgin Zariya, dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, daga wace ƙasa?" Kawu bai kula shi ba. Ya miƙa mini zakaru, ya naɗe babbar riga, ya durƙusa ya kafa kunne a kan ƙarfen dogo, cikin sanyin hunturun nan, yadda suke yi suna samari. Can sai ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru! Ga shi nan tafe. Ya baro Giwa."

Dattijon ya ce, "Injin niƙan bayan katanga ne, Alhaji. Yanzu aka kawo wuta."

Ba mu bar Funtua ba sai da rana ta take. A tashar mota ɗan kamasho ya ce buhu kuɗinsa daban, zakaru ma daban. Kawu ya ce zakara ba ya zama a kujera, ɗan kamasho ya ce amma yana kashi a mota. Aka daidaita a kan kuɗin zakara ɗaya. Hanya cike da tireloli sun yi lodin masara har sun karkace, kowace muka wuce Kawu sai ya yi tsaki ya ce kayan tarago guda ne aka raba wa motoci uku. Giwa, Shika, Samaru, muka canza mota a Zariya, muka sauka Kawo, Keke Napep ya kai mu Rigasa bayan la'asar. Kawu yana lissafin abin da muka kashe, yana lallashin kansa da cewa ai sauran tafiyar kyauta ce.

Tashar ta burge shi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ya tsaya ya kalli ginin, ya gyara hula. Abin da ya dame ni shi ne babu kowa a farfajiyar sai masu gadi da wani mai shara. Na nuna wa wani ma'aikaci hoton da ke wayata, na ce mun zo hawa na yamma. Ya karɓa, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai suna kallo, sannan ya juyo da ladabinsa.

"Baba, wannan jadawalin Babbar Sallah ne. Kuma ba ta bara ba."

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, Allah ya saka masa. Wannan layi na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, a 2016 aka buɗe shi, kuma yawan sawunsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. In Sallah ta zo ko Kirsimeti, ma'aikata suka yi ca za su gida, akan ƙara sawu ko a ƙara tarago, biki na wucewa a janye. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 an dakatar da shi ɗungurum, sai 5 ga Disamba na shekarar ya dawo, da sawu kaɗan, ba tafiyar dare. Na ƙarshe na yau ya tashi tun muna wajen Jaji.

Kawu ya yi shiru, ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sannan ya gyara zama ya ce to ba komai, a rubuta mu a na gobe, cikin na kyauta.

"Baba, kyauta ta ƙare tun farkon wata."

"Ana tsakiyar kaka?"

"Kakar me, Baba?"

Ban taɓa ganin an kayar da Kawu da tambaya ɗaya ba sai ran nan. Ya buɗe baki zai fara daga Bisije, na taka masa ƙafa. Ma'aikacin ya ci gaba: tikiti ta waya ake yanka, tun 2021, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa. Ya leƙa ƙarƙashin benci, inda ido huɗu ke kallonsa, ya ƙara da cewa waɗannan bayin Allah kuma ba sa shiga.

Kawu ya zazzage aljihu. Akwai katin zaɓe, akwai rasit ɗin taki, akwai wani katin ƙungiyar manoman auduga da ya kusa sa'a da ni, akwai goro. Takardar katin ɗan ƙasa tana Malumfashi, cikin adakar matarsa Inna, an adana ta don kada ta ɓata.

Muka kwana a zauren wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi a Rigasa, mutumin kirki, ya kawo tuwo ya kawo bargo. Zakarun nan da suka wuni a mota ba su ce uffan ba, ƙarfe ɗayan dare suka ga hasken fitilar titi suka ɗauka asuba ce. Ɗaya ya yi cara, ɗaya ya amsa, na maƙwabta suka karɓa, unguwa ta ɗauka. Wani tsoho har ya fito da buta. Da gari ya waye Kawu ya kama wanda ya fara, ya miƙa wa mai gida ya ce tukuicin masauki ne. Mai gida ya yi godiya, amma na lura wuƙa ya fara nema kafin ya gama godiyar.

Sai neman lamba. Aka kira Inna, ta buɗe adaka, ta ce ta gani. Ta karanto, yaron mai gida ya shigar a waya, waya ta ƙi. Ta sake karantowa, waya ta ƙi. Kawu ya karɓi wayar yana faɗa, wai tun auren fari ba ta iya karanta bakwai ba. Ashe lambar katin asibitinta take karanto mana. Kafin a samo jikan da zai duba takardar gaskiya, kujerun jirgin safe sun ƙare. Muka yanki na rana da kuɗinmu, lakadan, Kawu yana ƙirga su yana cewa garin neman ƙiba an samo rama. Zakara na biyu ya bi ɗan'uwansa, wannan karon sayarwa aka yi, a farashin wanda ya san ba ka da zaɓi.

Ni dai na ce ko ba komai zan ga ranar da Kawu zai koma cikin jirgi bayan shekaru masu yawa, in ji labarin kowace tasha daga bakinsa. Muka shiga, ya shafa kujera, ya ce sanyin ya yi yawa, wa ya bar hunturu a waje ya zo ya kunna wani a ciki. Ya nemi buɗe taga don ya sayi rake a hanya, taga ba ta buɗuwa. Ya ce jirgin da ba ya jijjiga, ba ya hayaƙi, ba a miƙo maka dafaffen ƙwai ta taga, wannan ɗakin jiran likita ne aka sa wa ƙafa. Ya ja hula ya rufe fuska. Kafin mu fita daga Rigasa ya fara minshari, bai farka ba sai da na girgiza shi a Kubwa, bayan tafiyar awa biyu da 'yan kai.

"Har an tashi?"

"Kawu, mun iso."

Mai jego ta yi murna da gero da kanwa da yaji. Ƙaurin kam, bayan kwana a zaure kusa da bargo, mijinta ya fita da shi bai dawo da shi ba. Ta tambayi zakarun da Inna ta ce an taho da su, Kawu ya ce suna Kaduna, sun samu aiki. Da aka tambaye shi yadda jirgin zamani yake, ya ba da labari tiryan-tiryan, da gadoji da duwatsu da garuruwan da aka wuce, ni ina zaune ban ce komai ba, don ɗan'uwan uwa ba a ƙaryata shi gaban suruki. Autansa kuwa da na kira shi kan maganar hoto, cewa ya yi ai jadawalin daidai yake, mu ne muka makara da shekara biyu.

A mota muka dawo. Tsakanin Zariya da Funtua, inda titi ke kusantar tsohon dogo, Kawu ya yi ta kallonsa ta taga, sannan ya yanke hukunci. Ya ce ya gane, har yanzu jirgi da kaka yake tafiya, kakar ce aka canza: da ta manomi ce, yanzu ta mai albashi ce, ranar da aka rufe ofis ita ce ranar da amfanin gonarsu ke nuna. Na so in yi musu don sabo, na duba na ga ba ni da abin cewa. A ƙarshen Disamba manomin Bakori ko Ƙafur ko Danja yana tsakanin sussuka da awo da biyan bashin taki, ba shi da ranar zuwa barka ko da jirgin zai biya shi.

A watan Mayun 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua, wadda ake sa ran wata rana jirgi zai riƙa kawo mata kwantena yana kwasar kaya. Kawu ya sa na kai shi ya gani. Ya ce tashar jirgin ruwa ba ruwa, a garin dogo ba jirgi, lallai boko ya yi nisa, amma in dai za ta dawo da tarago Funtua, shi ya yafe kuɗin zakarunsa. Ya kuma ba ni saƙo, ya ce tunda ina rubutu a jarida in isar: masu tsara jadawali, in za a sake yin jirgin kyauta, a taimaka a ɗaga shi zuwa watan Fabrairu, lokacin an gama awon auduga, masara ta yi kuɗi, kuma a faɗa a rediyo sau biyu, a fara da ranar rufewa.