Masu Ƙure Maleji da Baki

A Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, wanda ke son ganin gudun mota ba kan kwalta zai tsaya ba. Rumfar bakanike zai nufa bayan la'asar, inda ake ƙure maleji a zaune kan benci.

Mai buɗe hira kullum shi ne Mai Bugatti. Ko keke bai ajiye ba, amma wayarsa cike take da bidiyon motocin Dubai. Zai ce maka Bugatti Chiron ƙarfin doki 1,500 gare ta, silinda 16, kuma bai yi ƙarya ba. Yadda motar da cikinta ke shafar ƙasa za ta yi da ramukan hanyar Rijau da damina, wannan bai taɓa shiga lissafinsa ba. In majalisa ta tashi, shi ne mai cewa, "Don Allah wa zai rage mini hanya?"

Sai Ɗan Salansa. Bajaj Boxer ce da shi, wadda Indiyawa suka ƙera don ɗaukar kaya da tsimin mai, amma shi ya rantse ta tsere ce. Ya huda salansa, ya cire madubai wai suna tare iska, ya liƙa hoton zaki a tanki. A wurinsa ƙara ita ce gudu. Tun daga bakin kasuwa awaki ke watsewa, tsofaffi na salati, sai ka ga wani manomi da buhun dawa biyu a kan tsohuwar Jincheng ya wuce shi ba ko waiwaye. Ranar biki shi ke ɗaga tayar gaba a gaban 'yan mata, washegari a je dubiya gidan mai ɗori.

Baba Direba bai yarda an ƙera mota ba bayan Fijo 504, haɗin Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. "Yaro, ku roba kuka sani, mu ƙarfe muka ja." Bara ya ce ya yi asuba a Zuru ya karya kumallo a Kontagora. Bana ya ce shayin da ya taso da shi bai huce ba ya isa. Ba mai musa masa, don shi ke sayen goro.

'Yan Honda da 'yan Bajaj kuwa, a bar su da gardamarsu, har magariba ba sa rabuwa.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya ƙare, wani ya samu kujera a majalisar: Malam Lita. Duk motar da aka yaba, tambayarsa ɗaya ce, "Nawa take sha?" Shi ne mai kashe inji a gangara, mai girgiza tanki yana kara kunne. An taɓa nuna masa Hilux sabuwa dal, ya zagaya ta, ya yi wa mai ita addu'ar Allah ya ba shi ikon ciyar da ita.

Duk wannan Oga bakanike na tsugune yana wanke kafireta a gwangwanin fetur, bai ce uffan ba. Shi ya san injin wa ke hayaƙi, ya san wa ke turo mashin da asuba kafin mutane su fito. Da Ɗan Salansa ya fara labarin yadda ya bar Hilux a baya jiya, Oga bai ko ɗago kai ba.

"Kuɗin ringin da na sa maka fa?"

"Haba Oga, bari wake ya yi kuɗi."