Daga Ƙofar Na'isa Zuwa Ƙofar Ofis: Yadda Ake Faɗuwa Intabiyu Cikin Mutunci

Mu 'yan Ƙofar Na'isa muna da lalurar da 'yan Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai ba su da ita: sunan unguwarmu kan hau kan yaranmu. Yaro ya karɓo kwalinsa a BUK, ya je wata jiha ya sha faretin mako uku, ya gama bautar ƙasa, ya dawo ya dasa wando a bencin majalisa. Kullum ya ɗaga kai ya hangi ƙofa sai ya ce a ransa, "Ƙwarai kuwa, na isa." Ya manta ita kanta ƙofar an tantance ta a 2010, aka ce ta yi wa motoci ƙunci, aka rushe ta aka gina sabuwa. Ƙofar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaron birni ba ta haye ba, balle kai da kwalinka bai gama bushewa ba.

Ni yayanku ne a wannan fage. Takalmina ya san hanyar Bompai da Sharaɗa da Chalawa ko ba na cikinsa. Ƙanena da ƙanwata, ga hanyoyin da na bi na faɗi. Wanda ke son gadona sai ya riƙe su da kyau.

Na ɗaya: ari CV. Kada ka wahalar da kanka. Je shagon kwamfuta, ka ce a buɗe na wanda aka buga wa jiya, a goge sunansa a sa naka. Idan an manta lambar wayarsa a ciki, ba komai, shi za a kira, ka samu ladan taimako. Wajen abubuwan sha'awa ka rubuta karance-karance da tafiye-tafiye, ko da rabonka da littafi tun daren jarrabawar ƙarshe, tafiyarka mafi nisa kuma ɗaurin aure a Wudil. Ka ƙara da cewa ka ƙware a kwamfuta. Ranar da aka zaunar da kai gaban Excel, sai ka ce taku ta gida ba irin wannan ba ce.

Na biyu: gyara shekaru. Za ka ga tallan aiki yana neman wanda bai wuce shekara 27 ba, mai gogewar shekara biyar. Kai kuwa ASUU ta cinye maka wata tara da yajin aiki a 2020, ta dawo ta haɗiye wata takwas a 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Abokai za su ce ka je ka yi takardar rantsuwa, ka sauke shekara huɗu kamar mai sauke buhu. Yi, amma ka bar takardar firamarenka yadda take, domin masu tantancewa su yi mamakin yaron da ya gama aji shida yana ɗan shekara bakwai. Kada kuma ka damu idan ƙaninka na ciki ɗaya ya wayi gari ya girme ka.

Na uku: ari kwat. Musamman a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Nemi ta maƙwabcinku mai ƙiba, ka shaƙe wuya da naktaye, ka shiga ɗan sahu. Kafin ka isa ka zama kamar wanda aka tsamo daga kududdufi. Shaddarka mai tsabta da ta sha guga, da hularka, ka bar su a gida, ai sun yi kama da mutum mai natsuwa. Ke kuma ƙanwata, juye kwalbar humra gaba ɗaya, yadda shugaban kwamitin zai fara atishawa tun kina bakin get.

Na huɗu: lokaci naka ne. An ce ƙarfe tara, to tara saura kwata ka shiga wanka. Titin BUK ai mallakin gidanku ne, zai buɗe maka. Ɗan sahun ma ba zai tsaya ɗaukar mai buhun gawayi ba, ba zai tsaya neman canji ba. In ka isa goma da rabi, ka ce cunkoso ne. Su masu intabiyun ta sama suka zo.

Na biyar: "Ba mu labarin kanka." Nan ne maƙabartar mazaje. Hanya biyu ce, kowacce tana kaiwa ƙasa. Ta farko, ka faro daga kakan kakanka da ya shigo Kano da ayarin raƙuma, ka bi ta kan rikicin gadon gidanku, yadda lokaci zai ƙare kana aji uku na sakandare. Ta biyu, wadda ta fi karɓuwa a cikin badala, ka sunkuyar da kai, ka ƙura wa takalminka ido, ka ce, "To, alhamdu lillahi, ni dai ba ni da matsala da kowa."

Wannan ta biyun ba laifinka ba ne kai kaɗai. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kallon babba cikin ido rashin kunya ne, yaro na gari shi ne wanda sai an tambaye shi sau uku ya amsa sau ɗaya. Tarbiyya ce mai kyau a zauren surukai, inda waliyyinka ke magana a madadinka. A ɗakin intabiyu ba ka da waliyyi. Saboda haka idan aka ce wace gogewa gare ka, ka ce babu. Kada ka kuskura ka ambaci shekarun da ka yi a shagon Baffa a Kantin Kwari kana riƙe littafin bashi, kana lissafin diloli, kana lallashin baƙon da ya taso daga Maraɗi ko Agadas har ya saya ya kuma dawo. Ke ma kada ki ce kin shekara uku kina sayar da atamfa da mayafai ta WhatsApp, kina aika kaya Zariya da Gusau ba tare da kuɗin kowa ya maƙale ba. Ɓoye yaran da kike koyarwa a Islamiyyar yamma. Waɗannan su ne ainihin abin da kamfani ke nema, wato iya lissafi, iya mu'amala da riƙon amana, don haka faɗinsu na iya jawo a ɗauke ki, mu kuwa faɗuwa muke koyo.

Na shida: albashi. In aka ce nawa kake so, ka ce, "Duk abin da kuka bayar, Allah ya sa albarka." Za su ba ka abin da sai albarkar ce kaɗai za ta kai ka ƙarshen wata. Ko ka ɗaga kafaɗa ka ambaci miliyan, su raka ka da addu'a. Kada ka san cewa tun 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuma ya koma 77,000. Kada ka lissafa kuɗin ɗan sahu zuwa da dawowa na wata guda. Mai lissafi shi ke iya ciniki, ciniki kuwa aikin 'yan kasuwa ne, kai ɗan boko ne.

Na bakwai: nemi hanya. Kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Raba CV ɗinka ga duk mai babbar riga da ka gani a ɗaurin aure, wata rana za ka gamu da shi an naɗe maka awara a ciki. Dattijon da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, wanda kuke sahu ɗaya da shi kullum a masallaci, kada ka taɓa zama ka tambaye shi yadda ake shiga aikinsu da abin da ake dubawa. Gaisuwa da miƙa ambulan sun wadatar.

A nan sai in ajiye wasa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da gurbin aiki, gudu ka yi. Ranar 15 ga Maris 2014, dubun dubatar matasa da kowannensu ya biya naira 1,000 sun cika filayen wasa a faɗin ƙasar nan don jarrabawar shiga hukumar shige da fice. Fiye da goma ba su koma gida da rai ba, turmutsutsu ya danne su a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Neman aiki a Najeriya ya wuce abin dariya, muna dariyar ne don kada mu yi kuka.

Na takwas: "Za mu neme ka." Da ka ji wannan, koma majalisa ka sanar cewa aiki ya samu. Ci bashin shayi da indomi a kan albashin farko. Ajiye waya a caji dare da rana, kana zabura duk sanda ta yi ƙara, ka duba ka ga kamfanin waya ne ke tallan waƙa. Kada ka nemi wani wurin, kada ka koyi wata sana'a, ai sun ce za su neme ka.

Wanda ya bi waɗannan takwas, na yi masa alkawarin gurbi kusa da ni a benci. Wanda kuma ba ya so, abin da sauƙi. Rubuta abin da ka iya da gaske a shafi ɗaya ko biyu. Binciki abin da wurin ke yi tun kafin ranar. Sa wani yayanka ya yi maka tambayoyin a zaure har bakinka ya saba. Isa da rabin awa a hannu, yi sallama, ɗaga kai, faɗi abin da hannunka ya taɓa yi da hujjarsa.

Ƙanena, Na'isa sunan ƙofa ne. A ɗakin intabiyu, waɗanda ke bayan tebur su ke cewa ka isa. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya raba ku da gadona.