Fatawa a Kan Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, shagunan buga takardu suka yawaita, kuma tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo, waɗanda suka gama wa'adin hidimarsu a ofisoshin Amurka, suka sami masu riƙo, har wasu suka kai Kurfi. To, idan aka kawo ɗaya aka jona, ta yi tas sau guda, daga nan ba fitila ba ƙarar fanka, sai majalisa ta haɗu, kuma kamar kowace mas'ala mai wuya, malamai su yi saɓani.

Mazhabar farko ta ce ƙurar hunturu ce, a zare RAM a goge haƙoransa da magogin fensir. Ta biyu ta tuhumi ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Wani dattijo kuwa, wanda bai taɓa danna maɓalli ba, ya yi ƙiyasi da rediyonsa ya ce a mare ta.

Mai gyara, wanda shi kaɗai ya kai matsayin ijtihadi, ya ce, “Baba, a yi haƙuri, mai ciwon RAM tana numfashi, fankarta na juyawa.” Sa'an nan ya sunsuna bayanta, ya ji ƙauri, ya nuna jan makunnin da aka bari a kan 115, alhali wutar ƙasarmu 230 ce. Ya yanke hukunci cewa akwatin wuta ya riga mu gidan gaskiya, sauran gaɓoɓi kuwa sai an sa sabo za a san halinsu, amma ladan fatawa yanzu ake biya.