Masu Zaunar da Kifi Wuri Ɗaya

Daga unguwar Kpangalam ta Sokode zuwa bakin teku a Lome tafiyar kilomita kusan 340 ce a kan babbar hanya mai lamba 1. Daga Dapaong kuwa sai an haura 600. Nisan bai hana wayar hannu kawo teku har zaurukan Sokode ba. Kana latsawa sai ga akwatin gilashi a ɗakin wani Bature, murjani yana kaɗawa, kifaye ja da shuɗi suna shawagi, jatan lande yana tafiyar ƙasaita a kan dutse. Nan take wanda ko tarwada bai taɓa riƙewa wata guda ba zai fara ƙirga sefa. Masu kiwon kifi a kwamin siminti ko na tamfol sun daɗe da sanin inda gizo ke saƙar: wa za a zaunar da wa. Kuma halin mai gida kan riga na kifin fitowa fili.

Akwai Mai Sayen Ido. Shi launi yake saya. Tun da yaransa suka kalli fim ɗin Finding Nemo na 2003 yake son ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara, da shuɗiyar ƙawar tafiyarsu, Dory. Ba wanda ya gaya masa cewa shuɗiyar kan kai santimita 30, akwatinsa kuma lita 60 ne kacal. Sai ya hango kifin zaki, mai baza ƙayoyi, ya ce shi ma a haɗo masa. Doka guda kifin zaki ya sani: abin da ya shiga baki abinci ne. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik, amma tun da aka fara ganinsa a gaɓar Florida a 1985, bisa zaton masu kiwo ne suka sake shi, ya addabi ƙananan kifayen wancan yanki. Wannan ne aka kwantar ɗaki ɗaya da jatan lande. Da safe Alhaji ya ƙirga, ya ga giɓi, ya fara tuhumar kyanwa.

Malam Gishiri-Gishiri-Ne ba ya ɗaukar lokaci. Ya ji an ce kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, sai ya aiki yaro babbar kasuwa ya sayo na miya. Ruwan teku kuwa har da sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su, waɗanda babu su a ƙullin gishirin kasuwa. Kafin la'asar ya haɗa romo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Sarkin Sulhu. Mutumin kirki ne, shi ake kira in maƙwabta sun saɓa a kan magudanar ruwa, kuma ya ɗauka abin da nasiha ke yi wa mutum za ta yi wa kifi. Kalmarsa ɗaya ce: "Za su saba." Ya zuba 'ya'yan tarwada ɗari biyar a kwami ɗaya. An ce masa ya riƙa tacewa, yana ware waɗanda suka yi saurin girma, domin tarwada ba ta san ɗan'uwa ba. Ya ce haba, uwa ɗaya uba ɗaya? Bayan wata biyu ya tarar da 'yan ƙatti ƙalilan, tumbi ya cika, zumunci ya koma ciki. In ya koma kifin teku ma haka. Akwai ƙananan shuɗaye masu arha da ba sa mutuwa da wuri, shi ya sa ake tura wa sabon shiga su, amma da ɗayansu ya kama wani dutse ya zama mai unguwa, duk baƙon da aka sako sai ya kore shi zuwa lungu har ya daina cin abinci. Masu gwaninta sukan fara saka mai sanyin hali, a bar mafaɗaci ya zo ƙarshe, ya tarar kowa ya kama ɗakinsa, kamar sabon ɗan haya. Sarkin Sulhu yana ganin wannan son kai ne. Ranar da aka gaya masa cewa kifin Nemo dukkansu da halittar namiji suke tasowa, kuma in an haɗa biyu wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, ya yi salati, ya ce a bar zancen saboda akwai yara a wurin.

Hajiya Mai Karamci ba ta iya ganin baki yana motsi ba ta ba shi wani abu ba. Kifi kuwa kullum bakinsa motsi yake. Ragowar tuwo, ɓawon burodi, har gutsuren wagashi. Abin da ba a ci ba ya ruɓe, ruwa ya ɗauki guba, kifaye su taso sama suna haki, ita kuma ta ce, "Wayyo, yunwa suke ji," ta ƙara.

Ɗan'uwanta a ɓarna shi ne Ɗan Gaggawa. Sabon akwati yana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su zauna a duwatsu. Shi ya cika ruwa da hantsi, ya zuba kifi goma da azahar, ya gayyaci abokai kallo bayan isha'i. Gara da suka zo a daren.

Likitan Unguwa kuma, da ya ga farin ɗigo a jikin kifi ɗaya, sai ya tsiyaya maganin da ake haɗawa da tagulla a akwatin gaba ɗaya. Maganin yana kashe ƙwayar cutar, gaskiya ne. Yana kuma kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Abin takaicin, cikin mamatan har da jatan landen nan mai jan baya da farin layi, wanda sana'arsa ke nan tsince ƙwari da matacciyar fata daga jikin kifi.

Baƙo daga Dapaong ba ya kiwo, sharhi yake yi. Ya ji ruwan murjani yana son zafin digiri 24 zuwa 26, ya tuna watan Maris na garinsu da ke taɓa 40, ya tambaya wa zai riƙa yi wa kifin fifita in an ɗauke wuta. Tambaya ce mai ma'ana, sai dai yakan ɓata ta da ta biyu: "To Alhaji, yaushe za su isa ci?"

Saura mutum ɗaya, wanda ba a son zama kusa da shi a wurin suna domin zancensa duk awo ne. Kafin ya sayi kifi sai ya tambayi girman da zai kai, abin da yake ci, da faɗin bakinsa. Sabon kifi sai ya yi makonni a wani akwati dabam. A nasa babban akwatin akwai kifin Nemo biyu, da wani ɗan kifin ƙasa mai manyan idanu da ke zama rami ɗaya da jatan lande mai harbi da ƙaton hannunsa. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa ramin yana kwashe yashi. Kifin yana gadi a bakin ƙofa. In jatan landen zai fito sai ya ɗora gashin bakinsa a jikin kifin, da wutsiya ta kaɗa su biyun sun faɗa ciki. Matsalar ita ce inuwar mutum ma haɗari ce a wurinsu. Baƙi sukan sunkuya, su leƙa, su ga yashi da dutse, su miƙe su ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri, yaushe suka mutu?"