Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Yaƙin Sojojin Roba

Bawana, ka ci darajar nisa, da sai ka durƙusa ka gaishe ni kafin in ce uffan. Labari ya iso Kano cewa 'yan kulob ɗinku na Nottingham sun duba gabas sun duba yamma, ba su ga wanda zai shirya musu taron wasan yaƙi na Asabar da Lahadi ba sai kai. Allah Sarki. A garin da hedikwatar Games Workshop take, kamfanin da ya fito da Warhammer a 1983 ya biyo da Warhammer 40,000 a 1987, a can aka damƙa ragamar yaƙi a hannun mutumin da aka tura neman digiri na uku ya ɓige da shafa wa sojojin roba fenti. Sarauniya Amina ta kewaye garuruwa da ganuwa, mai tutiya da sunanta ga shi can yana auna takun sojan da bai kai ɗan yatsa ba da tef ɗin tela.

To, na ga sanarwarka. Ka ce taron labari ne: yaƙi mai mafari da dalili, abin da ya faru a wannan tebur ya shafi wancan. Madalla. Sai na duba ƙasa na ga tsarin da ka zaɓa: runduna mai maki 2,000, wasa biyar cikin kwana biyu, wanda ya ci ya kara da wanda ya ci. Kai Bazazzagi, wa za ka yi wa wayo? Wannan ai gasa ce ka naɗa mata rawani. Wasa ɗaya a wannan girman yakan ci awa uku, biyar ɗin kuwa awa goma sha biyar ke nan mutum na tsaye yana jefa ƙwayar lido. Yaushe za a ba da labarin? Lokacin cin abinci, baki cike da soyayyen dankali? Kuma da zarar ka ce akwai zakara, kowa zai ajiye jarumin da ya raɗa wa suna ya ɓata dare yana yi wa fenti, ya ɗauko rundunar da lissafi ya ce ta fi kisa. Na san abin da ya sa ka zaɓe shi. Kofi kake so, tun da ba a taɓa ba ka ko na shan shayi ba.

Da aka matsa maka, wai sai ka ce to a yi Crusade. Nan ma halinku ne ya motsa, na mutanen da ke ganin duk abin da ba a cike masa fom ba bai faru ba. Tsarin, wanda ya zo da bugu na tara na Warhammer 40,000 a 2020, yana da daɗi: soja ya samu ƙwarewa, ya hau muƙami, ya kwashi tabon rauni ya tafi da shi wasa na gaba. Amma an fi cin moriyarsa a kulob da ke haɗuwa mako-mako har tsawon watanni. A kwana biyu, rubuce-rubucen bayan kowane wasa zai cinye hutun mutane. Ga kuma babbar cutar: wanda ya ci da safiyar Asabar ya ƙara ƙarfi, ya sake ci da rana ya ƙara. Kafin Lahadi, wanda aka fara lallasawa ya riga ya duba jadawalin jirgin ƙasa na komawa gida.

Apocalypse kuwa, wanda kowa ke zube duk abin da ya mallaka a kan dogon tebur guda, kada ma ka fara. Kyau a hoto kawai. Ɓangare ɗaya na motsa tankoki, ɗayan ya je ya sha shayi ya dawo ba a gama ba.

Buɗe kunne ka ji shawarar ubangidanka. Labari ya fi kama ƙaramar runduna. Dalilin da ya sa har yau ake begen wasannin Necromunda na 1995 da Mordheim na 1999 ke nan: 'yan tsirarun mayaƙa, kowa da sunansa, idan ɗaya ya rasa ido kowa a ɗakin ya san inda ya rasa shi. Saboda haka raba mahalarta gida biyu, ka liƙa taswira a bango, nasarar mutum ta zama ta ɓangarensa. Safiyar Asabar a fara da 'yan leƙen asiri a Kill Team, mayaƙa kamar goma a kan ɗan ƙaramin fili. Sai dai ka tambayi mutanenka tukuna, domin dokokinsa daban ne, ba kowa ya iya ba. Idan sun yi turus, ƙaramin tsarin Combat Patrol ya wadatar. Da rana a hau maki 1,000. Lahadi a yi biyu-biyu, ka haɗa gwani da sabon shiga, a kan wurin da wasannin jiya suka nuna nan ne ƙarshen rikicin.

Ladan nasara ya zama kaɗan: zaɓen gefen tebur, ko fara motsi. Wanda aka ci kuma ka ba shi abin yi, ko kwanton ɓauna, ko ƙwato kwamandansa da aka kama. Kuma ba dole rundunoni su yi daidai ba. Mutum na iya tsare gada da rabin ƙarfin abokin gaba, a ce ya ci idan ya kai zagaye na huɗu da rai. Irin wannan wasan ne za a yi ta maimaita hirarsa shekara mai zuwa.

Duk wannan ba ya tafiya sai da alƙali. Tun wasan yaƙin da Reisswitz ya gabatar wa hafsoshin Furushiya a 1824 akwai mai zama a tsakiya, shi ya san abin da ɓangarorin biyu ba su sani ba, shi ke yanke hukunci. A taronku wannan kujerar taka ce, tun da kai ka shirya. Ga inda zai yi maka ɗaci: alƙali ba ya wasa. Sojojin nan da ka ƙarar da kuɗin tallafin karatu a kansu, a akwati za su kwana biyu, kai kuma kana yawo tsakanin tebura da takarda da biro. Ban ga aikin da ya fi dacewa da Bazazzagi ba.

Saura haƙƙina. Bakano ba ya ba da shawara kyauta, balle ga bawansa. A fam na Ingila nake karɓa, kuma kada ka kuskura ka aiko mini da sojan roba ka ce tukwici ne, don na zaga kasuwannin Kurmi da Kwari ban sami mai saye ba.