Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tafkin Ninkaya Mai Gishiri

Zuwa ga Tafkin Ninkaya Mai Gishiri,
Gidan hutun Alhaji, hanyar Boali, gaba da PK12.

 Takardar nan ta fito ne daga Kilomita Biyar a Bangui, unguwar 'yan kasuwa, inda labarinka ya cika majalisun shayi. An ce wanda ya yi wa Alhaji tallarka ya rantse masa cewa kai ba ka da rigima: a zuba maka gishiri a tafi, kai ne likitan kanka. Da jin haka Alhaji ya ce ba ruwansa da biyan wani ƙwararre duk wata, ya damƙa makulli a hannun mai gadi, ya koma shagonsa a bakin titin Koudoukou. Da ya dawo wata Asabar da iyalinsa, yara har sun tuɓe riguna, sai suka same ka kore shar kamar miyar kuka.

Mai wannan takarda ya bi diddigin maganar, kuma ya gano cewa ba ka faɗa wa Alhaji dukan gaskiya ba. Gishirin da ke cikinka ba shi ke kashe ƙwayoyin cuta ba. Kusan giram 3 ne kawai a kowace lita, alhali ruwan teku yana ɗauke da wajen giram 35. Aikin duk yana cikin wani ɗan bututu da ke bayan famfo, mai faranti na ƙarfen titaniyom. Wutar lantarki ce ke ratsa farantan ta fasa gishirin, kulorin ya fito ya tsabtace ruwa, sannan ya sake komawa gishiri. Ashe kai ma da kulorin kake rayuwa, sai dai masana'antarka a cikin gida take, kuma ba ta motsi sai famfo yana juyawa.

A Ostareliya, inda irinka ya yi farin jini, wannan ba abin magana ba ne. A Bangui kuwa, mafi yawan wutar kamfanin lantarki na ENERCA daga madatsun Boali take zuwa, a kan kogin Mbali, kusan kilomita 100 daga birni, kuma shekara da shekaru ana rabonta unguwa-unguwa. An buɗe tashar hasken rana ta Danzi a 2023, an samu sauƙi, amma har yanzu ɗan kasuwar Kilomita Biyar bai sayar da janaretansa ba. Kai ga shi kana son famfonka ya yi wajen awa 8 kullum, har da Litinin da Talata da babu kowa a gidan sai mai gadi. In wuta ta ɗauke, ranar Bangui ta cinye ɗan kulorin da ke cikinka a 'yan sa'o'i, gansakuka ta yi sallama. In ta kai mako guda ko biyu, tsutsar sauro ta zama sauro, don gishirin giram 3 ba ya korar ta. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kan gaba wajen cika asibitoci, wannan ba kyautar da ake yi wa maƙwabta ba ce.

Sai damina. Gishiri ba ya bin tururi ya tashi, gaskiya ne, kuma da wannan aka fi yi wa Alhaji daɗin baki. Amma Bangui na samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, wato mita ɗaya da rabi, daidai zurfinka. Duk ruwan da ya sauka kanka ya tsinka ka, duk wanda ya malala ya tafi da gishiri. Injin ya ga gishiri ya yi ƙasa, ya kunna jar fitila ya yi zamansa, ba mai gani sai ƙadangaru.

Ga ka da zaɓen abinci kuma. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin 4, zurfin ɗaya da rabi yana cin lita 48,000, saboda haka cikin farko kaɗai buhu 6 ne masu kilo 25. Kuma ba kowane gishiri kake karɓa ba: sai fari tas, marar ƙasa, marar aidin. Kantun Bilma, wanda ayarin raƙuma ke ratsa hamadar Tenere su kai Agadas, wanda ya ƙosar da dabbobin Hausa da na Buzaye tun kaka da kakanni, kai ka raina shi, wai zai toshe maka matata. Kanwa ma, da wani dattijon majalisa ya ba da shawarar a jefa maka, ita ce abin da ba ka so ko kaɗan, domin ruwan da ke bi ta injin gishiri dama ma'auninsa na pH hawa yake yi kullum, wato tsaminsa raguwa yake yi. Ana son pH ɗinka ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, in ya wuce, kulorin ya yi sanyi, farin ɓawo ya kama farantan. Maganin shi ne asid kaɗan-kaɗan, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Farantan nan, komai lallaɓawa, tsakanin shekara 3 zuwa 7 suke ƙarewa. Sabonsu sai ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya biyo manyan motoci ta Garoua-Boulaï da Beloko da Bouar. Mutanen Kilomita Biyar sun san hanyar nan ciki da bai, da ita suke ci. Ba su manta ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye suka tare ta, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a iyakar Kamaru, farashin komai ya tashi. A irin wannan rana ba wanda zai ba ɗan bututunka wuri a gaban buhun fulawa.

To, wa ke riƙe da kai a yanzu? Mai gadi. Shi ke kwashe ganyen mangwaro da raga tun da asuba, ya zazzage kwandon famfo, ya goge bango da burushi. Shi ke tsoma 'yar takardar gwaji, ya kanga ta da launukan jikin kwalba, ya ɗauki hoto ya tura wa Alhaji ta WhatsApp, wani lokaci ana tsakiyar ciniki. Ya koyi cewa kulorin bai kamata ya gaza 1 ko ya zarce 3 ba, ya san ƙarar famfo in ya shaƙi iska. Alhaji yana alfahari a majalisa cewa ba ya biyan ƙwararre. Yana da shi, albashin gadi kawai yake ba shi.

Akwai lissafin da matan unguwa suka yi maka, su da ke jera jarkoki a bakin famfo da rani, ga kogin Ubangi kwance a gefen birni. Jarka mai lita 20, kai jarka 2,400 ne. Sun ce ba hassada suke yi ba, amma in dai za a zubar da kai don ka yi kore, a riƙa sanar da su.

Yanzu dai an shawo kan Alhaji. Zai sa faifan sola da batir don famfo kaɗai, da agogon da ke kunna shi da rana tsaka. Zai sayo tampol a rufe ka daga Litinin zuwa Juma'a, a ajiye ƙwayar kulorin a buta mai yawo a kan ruwa saboda ranar da injin ya yi yaji, da buhun gishiri biyu a kan katako don damina. Maganar ƙarin albashin mai gadi kuwa, ya ce a bari sai bayan Sallah. Abin da ake roƙonka shi ne ka yi haƙuri ka zauna garau zuwa Asabar mai zuwa, surukan Alhaji za su zo daga Garwa, kuma an riga an nuna musu hotonka na ranar da aka cika ka.

Wassalam.
Daga majalisar shayi, Kilomita Biyar, Bangui.