Tumatirin Kura a Hannun Mai Maɗaba'a

Tsara ɗab'i, wato fasahar daidaita rubutu da hoto da launi a kan shafi kafin a kai shi maɗaba'a, fanni ne da ake koyarwa a sassan zane na manyan makarantu, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma wani lokaci akan buƙaci ɗalibi ya fitar da ƙaramar mujalla. Abin da manhaja ba ta ambata ba shi ne rabin karatun yana hannun mai maɗaba'a, wanda ba ya koyarwa sai an biya kafin alƙalami. Abin da ya sami wani ɗalibi mazaunin Kumbotso, wanda ya zaɓi noman ranin Kura da Bunkure a matsayin maudu'in mujallarsa, ya isa hujja a kan haka.

Maudu'in kansa ba shi da aibi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta kanal-kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noma shinkafa da alkama da albasa da tumatir, har kwandunan da ake lodi a kasuwar Kwanar Gafan suke kaiwa Legas. Ɗalibin ya ɗauki hotuna, ya tattauna da manoma, ya tsara shafi 18, sannan ya nufi wata maɗaba'a a birnin Kano da tafiyar wanda ya gama aiki.

A nan aka sanar da shi cewa mujallar da ake ninkewa a ɗinke ta tsakiya da waya ba ta san shafi 18 ba, domin kowace takarda guda idan aka ninke ta shafi 4 take bayarwa, saboda haka ko dai 16 ko 20. Da yake marubuci bai taɓa yarda cewa akwai abin yankewa a rubutunsa ba, sai aka ƙara biyu: ɗaya ya ɗauki hoton ɗalibin da babbar riga, ɗayan kuma aka bar shi fari fat aka rubuta a samansa cewa na rubuta bayanai ne, a mujallar da ba ta tambayi kowa komai ba.

Batun launi ya fi wannan zurfi, kuma shi ya fi cin kuɗi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi ne da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, alhali injin ɗab'i yana aiki da tawada huɗu, wato shuɗi mai haske da ja mai garura da rawaya da baƙi, wanda ake kira CMYK. Kuma akwai launuka masu ƙyalli da haske ke iya nunawa amma tawada ba ta kai gare su ba. Ƙari a kan haka, tsofaffin injinan Heidelberg masu buga launi ɗaya, waɗanda ƙananan maɗaba'u da yawa ke dogaro da su, sai takarda ta ratsa su sau huɗu, kowane launi da farantinsa, kuma idan zubi ɗaya ya goce ko da kaurin gashi, hoton yakan fito da inuwa. Jan tumatirin bangon mujallar, wanda ɗalibin ya kwana yana gyarawa, ya fito da kalar tsohuwar tukunyar ƙasa. Manoman da aka nuna wa bangon ba su tattauna ka'idar launi ba. Sun dai jajanta wa mai gonar, suka tuna shekarar 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatirin jihar Kano, sannan ɗayansu ya tambayi wace gona ce domin su kiyaye tasu. Gonar wanda ya yi tambayar ce.

Hotunan ciki kuwa ta WhatsApp aka turo wasu, manhajar da ke matse hoto don ya yi saurin tafiya, alhali ɗab'i mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, don haka garken shanun da ke shan ruwa a bakin kanal ya zama abin da masu karatu suka yi saɓani a kansa.

Sai kuma haruffa masu ƙugiya. Matsalar ɓ da ɗ da ƙ ta girmi kwamfuta, domin tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 masu ɗab'in Hausa ke neman haruffan da maɗaba'un Turai ba su tanada ba, kuma masu keken rubutu sun daɗe suna ƙara ƙugiyar da biro. Ɗalibin ya zaɓi wani salon harafi mai ƙawa wanda babu shi a kwamfutar maɗaba'ar, bai kuma mayar da rubutun zane ba, matakin da CorelDRAW ke da shi don kada harafi ya sauya a wata na'ura. Duk inda ƙugiya take sai ɗan akwati ya zauna. Tun da yake da wuya a rubuta jimlar Hausa kan ƙasa da ɗanyen kaya da ɓarnar ƙwari ba tare da waɗannan haruffa ba, shafin hira da manoma ya fi kama da takardar jarrabawar cike gurbi.

Wuƙa ce ta rufe aikin. Akan bar rarar kimanin milimita 3 a gefen shafi, a kuma janye duk abu mai muhimmanci daga baki, saboda wuƙar da ke datse takardu ɗaruruwa a sara guda ba ta duba abin da ke ƙarƙashinta. An ɗora hoton sarkin noma dab da saman shafi, wuƙa ta tafi da rawaninsa, wanda a ƙasar Hausa ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma sai da wani dattijo ya raka ɗalibin ba da haƙuri. Mai maɗaba'ar, da aka koma masa, ya ce cikin natsuwa abin da malam ya kawo shi aka buga, kuma da malam ya biya kuɗin gwajin bugu, wato kwafi guda da ake fitarwa a duba kafin a kunna inji, da duk an ga wannan. Gaskiyarsa ce, ko da yake bai ga dalilin faɗarta ba sai bayan ya karɓi ciko.

Kafin a sake buga bango da shafuka huɗu na tsakiya, an cire tumatir, an girbe alkama, damina ta sauka, manoman Kura sun koma dashen shinkafa. Ɗalibin da zai bi wannan hanya ya nemi gwajin bugu tun kafin ya biya ciko, ya kuma kai shi Kura ko Bunkure, masu gonar su duba bangon tun kwafin yana guda ɗaya.